Kushe ya zama mana sana'a, 'yan'uwana matasa

Salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu. Dan Allah wanda ya fara karantawa ya daure ya kai ƙarshe, maganar da ɗan tsayi amma ta daɗe tana cina a rai, kuma gara in faɗe ta kowa ya ji da in riƙa jan mutum ɗai-ɗai gefe.

Akwai halin da ya kama mu, ya daɗe a cikinmu kam amma waya ta ƙara masa ƙarfi. Tun ba a rufe sujada da addu'a ba an fara yanka mutane. Kafin ka iso gida guruf ya cika, wai wa'azi ya yi tsawo, mai fassara bai iya Hausa ba, mawaƙa sun ja amshi, mai ganga gudu yake kamar ana korarsa, janareta ya mutu ana tsakiyar karatu, zanin Zumuntar Mata na bana bai yi ba, abincin bikin jiya nama ɗaya aka sa a ciki, kowa da abin da ya hango, kuma in ka duba da kyau yawancin masu maganar nan ba su zo sharar majami'a ran Asabar ba, ba su ba da ko sisi na man janareta ba, in aka ce wa zai yi fassara sati mai zuwa sai kowa ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Abin yana min ciwo ƙwarai, domin na san yaran da ake yankawa ɗin, na san wahalar da suke sha kafin su tsaya a gaba.

Sabon Alkawari da Helenanci aka rubuta shi, wato Girkanci, kuma akwai wata kalma a ciki da nake so ku riƙe. Tana cikin wasiƙar Yahuza, ƙaramar wasiƙar nan mai sura ɗaya da aya 25 da ke zuwa kafin Wahayin Yahaya, wadda da yawanmu ba mu taɓa buɗewa ba. A aya 16 ya kira wasu mutane masu gunaguni, sai ya ƙara musu wani suna, mempsimoiros. Kalma biyu aka haɗa. Ta farko memfomai, ganin laifi ko zargi ko kushe. Ta biyu moira, wato rabo, kason da aka yanka aka ce ga naka. Toh kaga ma'anar ta fito, mutumin da ke kushe rabonsa, wanda duk abin da ya faɗo hannunsa sai ya samo masa aibu. A duk Sabon Alkawari nan kaɗai kalmar ta zo. Kuma ku duba su wa Yahuza yake nufi, mutanen da suka saɗaɗo cikin ikkilisiya suna ɓata ta, waɗanda a aya 11 ya jera su da Kayinu da Bal'amu da Kora. Mu mun ɗauki mita kamar ɗan abin hira ne na bayan sujada, shi kuwa a cikin wannan jerin ya sa ta. Sannan a ayar nan dai yace mutanen nan suna yi wa manya fadanci don abin da za su samu. Wannan na gani da idona ba sau ɗaya ba, wanda ya fi kowa yanka fasto a bayan ido shi ne in fasto ya fito zai ruga ya karɓi jakarsa yana Baba sannu da aiki, Baba yau kam ka ciyar da mu.

Girkawa da kansu sun san irin mutumin nan tun fiye da shekara 300 kafin haihuwar Almasihu. Wani malami a birnin Atina mai suna Tiyofirastus, almajirin Aristotal ne, ya zauna ya zana halayen mutane iri 30, ɗaya daga ciki shi ne wannan mai kushe rabonsa. Yace in abokinsa ya yi biki ya aiko masa da abinci har gida, sai yace wa ɗan aiken ai rowar miya da abin sha aka yi min shi ya sa ba a kira ni can ba. In an yi ruwa sai ya ji haushin sama wai ruwan ya makara. In ya tsinci jakar kuɗi a hanya sai yace amma ai ban taɓa tsintar taska ba. In ya ci shari'a kowa ya goyi bayansa, sai ya koma yana zargin wanda ya rubuta masa jawabi wai ya bar hujjoji da yawa bai sa ba. Wanda ya fi taɓa ni shi ne in aka zo masa da albishir cewa matarka ta haihu namiji, sai yace ƙara da cewa rabin dukiyata ya tafi. Ku faɗi gaskiya, ba ku san shi ba? Yana cikin guruf ɗinmu, wani lokacin ma shi ne yake riƙe da wayarka.

Abin da ke ba ni tsoro a nan shi ne rabo ba ya raba kansa, akwai mai rabawa. Duk wanda ya saba kushe abin da aka ba shi, ko ya sani ko bai sani ba hannun da ya ba shi yake zagi. Ran da Allah ya tambayi Adamu a gonar Adnin bai ce na yi laifi ba, cewa ya yi matar nan da ka ba ni ita ta ba ni na ci, Farawa 3:12. Hawwa'u ya nuna da yatsa amma ku ji inda maganar ta dosa, da KA ba ni. Isra'ilawa ma haka a jeji, kullum Musa da Haruna suke wa mita, har Musa ya fito fili ya gaya musu a Fitowa 16:8 cewa mu ɗin me ne, gunagunin nan naku ba da mu kuke ba, da Ubangiji kuke. Mutanen da abinci ke sauko musu kowace safiya ba noma ba shuka, sai ga su a Littafin Ƙidaya sura 11 suna kuka suna tuna kifin Masar da kankana da albasa da tafarnuwa, wai ba abin da idonsu ke gani sai wannan manna. Sun tuna albasa sun manta bulala da tubalin da suke bugawa ba a ba su ko ciyawa. Bulus ma ya ci karo da mai irin wannan bakin a Romawa 9:19, inda mutum ke tambaya to don me har yanzu Allah yake ganin laifinmu, kalmar memfomai ɗin ce a wurin, ɗan adam ya juya kujera ya zauna a ta alƙali ya tsai da Mahaliccinsa a gaba. Bulus yace kai wane ne ɗan adam da za ka mayar wa Allah da magana.

Na san akwai zafi a ƙasan maganar wasunku, ba na raina shi. Ka gama makaranta ka gama bautar ƙasa ka zaga da takardu har takalmi ya cinye ba aiki, ƙanwata kin kai shekarun da kowace goggo in ta gan ki sai ta tambaya yaushe za mu sha biki, wani an raba shi da gidansu da gonarsu yana zaune a ɗakin ɗan'uwa, wannan duk ba wasa ba ne kuma ba wanda yace ka haɗiye ka yi murmushin ƙarya. Dawuda ya yi kuka a Zabura 13 yana tambaya har yaushe ya Ubangiji, Habakuk da irin wannan tambayar ya buɗe littafinsa, Ayuba ya yi ta zuba magana sura bayan sura, amma dukansu fuskarsu na wajen Allah, da shi suke magana. Mai kushe kuwa ba ya zuwa can, yana kwasar zafin da ke cikinsa ya zuba a kan duk wanda ya ga kamar ya fi shi samun sauƙi. Ku karanta Littafin Ƙidaya sura 12. Maryamu da Haruna sun fara da maganar matar da Musa ya aura, mutuniyar Kush, amma a aya ta biyu abin da ke cikinsu ya fito, wai ta bakin Musa kaɗai Ubangiji ke magana, mu fa? Ashe matar ba ita ce damuwar ba, matsayin ƙaninsu ne ya tsone musu ido. Maryamu ta kuturce, Musan da ta yi da shi shi ne ya roƙa mata, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai, kuma jama'a gaba ɗaya ba su ɗaga daga wurin ba sai da ta dawo. Hirar mutum biyu ta tsai da tafiyar al'umma guda har sati.

Sai kuma abin da kushe ke yi wa idon mai shi. A Markus sura 6 Yesu ya ciyar da maza 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu har aka kwashe ragowa kwando 12, ya yi tafiya a kan ruwa, ya sauka Janisarata ana ta shimfiɗa marasa lafiya a kasuwa duk wanda ya taɓa ko gezar rigarsa ya warke. Kana juya shafi zuwa sura 7 sai ga Farisiyawa da malaman Attaura da suka taso tun daga Urushalima, tafiyar kwanaki a ƙafa, me suka gani? Almajirai sun ci abinci ba su yi wankin hannu na al'ada ba. A wasu kwafin Helenanci har an rubuta a aya 2 cewa suka ga laifinsu, da kalmar nan tamu. Guragu na tashi a gefensu su kuwa hannun masunta suke leƙe. Kuma Yesu bai bar su ba, ya tona nasu, yadda suke koya wa mutum ya ce dukiyarsa keɓaɓɓiya ce ga Allah don ya kuɓuce wa ciyar da uwa da uba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari in gaya muku abin da ya faru da wata yarinya a wata ikkilisiya da na yi zama, ba zan kama suna ba. 'Yar sakandare ce, marainiya, kakarta ke riƙon ta, mai kunya sosai, shugaban mawaƙa ya yi ta lallashinta har ta yarda za ta ja waƙa ran Lahadi. Ta tsaya a gaba da farar riga da aka ara mata, hannunta na rawa har makirfo na bugun haɓarta, ta ɗauko waƙar a sama fiye da inda muryarta za ta kai, da ta zo amshi sai muryar ta karye. Mawaƙa suka rufa mata suka ɗauka aka gama lafiya, tsofaffi ma har guɗa suka yi mata. Amma wani a benci na baya ya riga ya ɗauka a waya, ya yanko daidai wurin da ta karye, kafin la'asar ya sa a sitatus da 'yan fuskokin dariya, aka yi ta turawa har ya isa ajinsu. Yarinyar nan ba ta ƙara tsayawa a gaba ba, daga baya ma sai ta koma zuwa a makare ta zauna bakin ƙofa ta fita kafin a tashi. Da aka sami yaron aka yi masa magana cewa ya yi wasa ne kawai, kuma ai gaskiya ce muryar ta karye. Eh ta karye. Amma shi bai taɓa riƙe makirfo ba, kuma da gyara yake so ai ya san gidansu ya san shugaban mawaƙa.

Kar wani ya ɗauki maganata ya ce na ce a rufe ido a kan ɓarna. Sam. Akwai laifi na gaske a ikkilisiyoyinmu, kuɗin baiko na ɓacewa, ana fifita mai kuɗi a kan talaka, akwai manyan da ke lalata 'ya'yan mutane sannan a toshe bakin kowa da cewa kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Wanda ya yi shiru a kan irin wannan yana da nasa alhakin, kuma in abin ya kai ga cin zarafin yaro ko yarinya to ya wuce maganar dattawa kaɗai, hukuma ake kai wa. Ita kanta kalmar memfomai an yi amfani da ita a kan Allah. Ibraniyawa 8:8 tace Allah ya ga laifin mutanensa, amma ku karanta abin da ya biyo baya a numfashi ɗaya, yace ga kwanaki na zuwa da zan yi sabon alkawari, zan sa shari'ata a zukatansu, aka jawo maganar annabi Irmiya sura 31 doguwa har zuwa inda yace ba zan ƙara tunawa da zunubansu ba. Shi da ya fi kowa ikon ganin laifi, da ya gani sai ya zo da maganin a hannunsa, kuma jinin Ɗansa maganin ya ci. Toh kai da ka ga laifin ɗan'uwanka, me ka riƙo?

Ikkilisiyar farko ma an yi gunaguni, Ayyukan Manzanni sura 6. Yahudawa masu jin Helenanci suka ga ana tsallake matansu da mazansu suka mutu wajen rabon abinci na kullum, kuma gaskiyarsu ce, manzanni ba su ce ƙarya suke ba, ba su ce ku yi shiru ku yi addu'a ba. Maganar ta isa kunnen waɗanda za su iya gyarawa, aka tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai, su Istifanas da Filibus, kuma in ka duba sunayen bakwai ɗin duk na Helenanci ne, alama ce cewa daga ɓangaren masu ƙorafin aka ɗebo masu aikin. Kun ce ba a raba daidai, to ga ludayin ku raba. Bayan nan aya 7 tace maganar Allah ta yi ta yaɗuwa. Bulus ma da ya ga Bitrus ya janye daga cin abinci da Al'ummai a Antakiya don tsoron baƙin da suka zo, yace na tsaya masa ido da ido, Galatiyawa 2:11. Bitrus na wurin yana ji, yana da bakin ba da amsa. Yesu kuwa ya riga ya shimfiɗa mana hanyar a Matiyu 18:15-17, ka je ka same shi ku biyu kaɗai, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sannan ikkilisiya. Mu mun juya ta, duniya ke fara ji a Facebook, mai laifin shi ne na ƙarshe, wani lokaci ma sai an tura masa hoton abin da aka rubuta a kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma fa sai in mai kayan ka gaya wa.

Akwai 'yar'uwar kalmar kuma, momfe, ita ma sau ɗaya ta zo, a Kolosiyawa 3:13, in wani yana da ƙara a kan wani. Bulus bai ce ƙarar ƙarya ce ba, ya yarda an cuce ka, sannan yace ku yi haƙuri da juna ku yafe kamar yadda Ubangiji ya yafe muku. Abin da ya sa ayar nan take da nauyi a wurina shi ne wanda ya raka wasiƙar. Sura 4 aya 7 zuwa 9 tace Tikikus ya tafi da ita tare da Unisimas, wanda Bulus yace ɗan garinku ne. Unisimas ɗin nan bawan Filimon ne da ya rabu da maigidansa, ga alama har da hasara ya jawo masa, kuma a gidan Filimon ikkilisiya take taruwa. Ku kwatanta abin a ranku, ana karanta in wani yana da ƙara a kan wani, ga mai ƙarar zaune a tsakar gidansa ga wanda ake ƙara tsaye bakin ƙofa, kowa a wurin ya san labarin. Bulus kuma bai tsaya a wa'azi ba, a wasiƙar da ya rubuta wa Filimon yace in ya cuce ka ko kana bin sa wani abu ka ɗora a kaina, ni zan biya. Mutumin da ke ɗaure a kurkuku ne fa yake faɗin haka. A cikinmu wa ya taɓa ganin ma'ajin matasa ya rikice a lissafi yace kawo littafin mu zauna mu duba tare, in akwai giɓi zan cika wani abu? Mu dai ɓarawo muke fara kira, yaron da ko alawus ba a ba shi.

Ku kuma da ake yankawa, masu shara da masu kiɗa da malaman Makarantar Lahadi da kuke zuwa tun kafin kowa, kar ku ajiye aikin. Luka 1:6 ta kira Zakariya da Alisabatu amemptos, marasa abin zargi a gaban Allah, amma duk da haka Alisabatu ta tsufa mutane na nuna ta saboda rashin haihuwa, da bakinta tace Ubangiji ya kawar mata da kunya a cikin mutane. Bakin mutane bai bar ta ba ko da Allah ya shaide ta. In abin da aka faɗa a kanka akwai gaskiya a ciki ka ɗauka ka gyara ko da da mugun baki aka faɗa, in babu ka bar shi a inda ya faɗi. Amma dan Allah kar ka rama da irinsa, don na ga waɗanda aka kushe su ma sun koma sun fi kowa iya kushe, wai ai haka aka yi musu.

Abin da nake roƙo a wannan satin ba mai yawa ba ne. Wanda ya san yana da bidiyon wani ko hoton hirar wani a wayarsa da ya ajiye don dariya ya goge, wanda ya tura ya nemi mai shi ya ba shi haƙuri baki da baki, ba ta saƙo ba. Masu riƙe da guruf ku daina cewa ba ruwanku, in an fara yanka wani ku tambayi mai maganar ko ya sami mutumin tukuna. Wanda kuma yake da ƙorafi na gaske a kan kuɗin zumunta ko tsarin sujada ko shugabanni, ya rubuta ya sa sunansa ya kawo zaman kwamiti, za a buɗe littafin ma'aji a gabansa, kuma ya zo da shirin cewa in an ce to kai za ka riƙe wannan aikin zai karɓa. Har yanzu muna neman mai fassara da mutum biyu na shara.